Dokar sutura da ɗabi'a a manyan wuraren wasa: kariya ce ko nuna isa?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga masana. Manyan wuraren wasa irin Disney da Universal a Amurka, da na Dubai da Abu Dabi, kowanne na da doguwar takardar dokoki: kada ka sa kaza, kada ka shigo da kaza, yaro ɗan shekara kaza ba ya shiga shi kaɗai. Mutum ya biya tikiti mai ɗan karen tsada, sannan a tare shi a ƙofa ana duba masa riga. Shin ya dace su kafa waɗannan dokoki har su kori wanda ya karya? Wacce ce ta tsaron rai, wacce ce ta son rai? Kuma ina matsayin mai hijabi ko mai babbar riga? Don Allah a yi mana dalla-dalla, ba "ai ƙa'idarsu ce" kawai ba.

Injiniya Sagir:

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Bari in ɗauki ɓangaren inji, don shi ne ba ya jin magiya, ba ya kuma tambayar nawa ka biya.

Mu fara da abin da ke aljihu. Wayar hannu nauyinta kamar giram 200 ne. Jirgin nan mai hawa da gangara a kan dogo, rola-kosta, idan yana gudun kilomita 100 a awa, mita 28 yake ci duk daƙiƙa. Wayar da ta fice daga aljihu a kan kwana da wannan gudun take tafiya. Idan ta sami wanda ke tsaye a layi a ƙasa, daidai yake da a sako masa ita daga tsayin mita 40, wato saman bene mai hawa goma sha biyu ko sha uku. Makulli da kwabbai ma haka, ƙanƙantarsu ba ta hana su fasa ido.

An ga hakan a Universal ta Orlando a 2011. Akwai wasu jirage biyu, Dragon Challenge, da ake sakin su lokaci guda su yi kamar za su yi karo, su gifta juna da tazarar da ba ta kai rabin mita ba, kowanne na gudun kusan kilomita 90 ko fi. Gudu biyu masu fuskantar juna haɗuwa suke yi, kuma idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninki huɗu yake yi. A cikin 'yan makonni wani abu ya bugi mutum biyu, ɗaya ya rasa ido. Daga nan aka daina sakin jiragen tare, kuma a 2015 aka kafa na'urar gano ƙarfe a bakin manyan jiragen wurin. A VelociCoaster da aka buɗe a 2021 har akwatunan ajiya masu ƙofa biyu aka yi a tsakiyar layi: ka sa kayanka ta wannan gefe kafin hawa, ka ɗauka ta wancan bayan ka sauka. Aljihu mai zif ma ba ya wuce wannan ƙofa, don ma'aikaci ba shi da lokacin gwada zif ɗin mutum dubu.

Hula kuwa haɗarinta biyu ne, kuma na biyun ya fi muni. Na farko ta tashi ta rufe wa na baya fuska. Na biyu mai ita ya ce sai ya ɗauko. A 2008 a Six Flags ta Jojiya wani matashi ɗan shekara 17 ya tsallaka shinge biyu, jirgi ya buge shi ya mutu. A 2015 a Cedar Point ta Ohayo wani magidanci ya haura shinge don ɗauko wayarsa, haka ta faru. A 2024 a Kings Island wani ya shiga neman makullinsa, shi ma bai rayu ba. Duka ukun jiragen irin masu rataye a ƙarƙashin dogo ne, waɗanda ke saukowa daf da ƙasa ƙafafun mahaya na reto. Mai tuƙin da ke ɗakin kula kuma ba shi da birkin da zai tsayar da jirgi a tsakiyar gangara. Birki a wurare ƙayyadaddu yake.

Sandar ɗaukar hoto, Disney ta hana ta gaba ɗaya daga 30 ga Yuni 2015. Dalili shi ne masu zana dogo suna auna iyakar inda hannun dogon mutum zai kai idan ya miƙa shi, su bar fili daidai wannan. Sanda ta ƙara mita guda a kan lissafin. Idan aka hangi mutum ya zaro ta ana hawan tudun farko, dole a tsayar. Dogon kuwa a rarrabe yake kashi-kashi, ba a yarda jirgi biyu su shiga kashi ɗaya, saboda haka tsayar da ɗaya tsayar da duka ne. Ma'aikaci ya hau matakala ya karɓo sandar, a sake duba kowace kujera, sannan a tayar. Jirgin da ke ɗaukar mutum 1,200 a awa, tsayuwar minti 20 ta cinye kujerar mutum 400.

Yanzu tufafi. Mafi haɗari ba rola-kosta ba ne, ƙananan motocin tseren nan ne masu inji a bayan kujera, inda gatari da sarƙa ke juyawa ƙasa da taƙi biyu daga bayan direba. Tayar irin wannan mota faɗinta kamar santimita 28, wato tana cin kusan santimita 88 a juyi ɗaya. A gudun kilomita 30 a awa, juyi tara da rabi ke nan duk daƙiƙa. Gatari mai kaurin santimita 3 zai naɗe kusan santimita 90 na yadi a daƙiƙa ɗaya, kuma yana ƙara kauri yana ƙara sauri. Jelar mayafi da ke lilo a baya ba ta kai haka ba. Kafin ƙafa ta kai kan birki wuya ya riga ya shaƙe. Wata mata ta rasu ta wannan hanya a Port Stephens ta Ostareliya a 2010. Duk wanda ya san yadda gyale ke shiga tayar babur ko bel ɗin injin niƙa ya san abin da nake nufi. Dogon gashi ma haka: a 2016 a Omaha wani lilo mai juyawa ya kama gashin wata yarinya 'yar shekara 11 ya ɗaye mata fatar kai.

Babbar riga matsalarta daban. Ƙarfen da ke danne cinya yana kullewa ne haƙori-haƙori, ko da matsin mai, a inda ya ji ya taɓa jiki. Shadda mai sitaci da aka tattare a ciki tana sa ya tsaya da wuri. Idan jirgi ya kai ƙololuwa jiki ya ɗaga daga kujera, yadin ya lotse, sai ga rata tsakanin mutum da ƙarfe. Ga hannun riga da ke zuba waje. Maganin mai sauƙi ne: a cire ta a bar 'yar ciki da wando. Jallabiya ko kaftani a tattaro a zauna a kai, kada ta rufe bel ɗin tsakanin ƙafafu, don ma'aikaci da ido da hannu yake dubawa.

Awon tsayi ma ba don a ɓata wa yaro rai ba ne. Jirgin Incredible Hulk na neman santimita 137, VelociCoaster 130, Space Mountain ta Florida 112. An ƙera mariƙin kafaɗa da na cinya ne ga jiki mai wannan girma. Iyaye na cusa takarda a takalmi ko su tayar da gashin yaro, shi ya sa ake awo sau biyu, a bakin layi da wurin hawa, kuma a ƙoƙon kai ake ɗora sandar.

Hajiya Rabi:

Injiniya, lissafinka ba gardama. Amma gizo ba a nan yake saƙa ba. Haɗarin da ka faɗa na yadi mai lilo ne, ba na rufe kai ba, kuma wuraren da suka kasa bambance biyun su ne suka jawo wa kansu rigima.

A duba abin da ya faru a Playland da ke Rye, jihar New York, ranar 30 ga Agusta 2011. Ranar ƙaramar Sallah ce, wata ƙungiyar Musulmi ta shirya wa mutane kusan dubu uku zuwa. Wurin yana da dokar hana duk wani abin kai a wasu lilo, hula ko ɗankwali, kan mai uwa da wabi. Hukumar wurin ta ce ta gaya wa masu shirya tafiyar tun da wuri, amma mata da yawa ba su ji ba sai a bakin lilo, bayan sun biya, sun bi layi, ga yara riƙe da hannu. Aka koma ƙofa neman a mayar da kuɗi, magana ta yi zafi, 'yan sanda suka cika wurin, aka kama mutum 15. Babu wanda inji ya taɓa a ranar. Dokar da aka yi don kariya ita ta haifi raunin da aka ji.

Abin da ya kamata su yi ba wuya gare shi. Da farko a raba lilon gida uku. Akwai masu juyawa a hankali, irin dawakan yara da babbar tayar nan ta kallon gari, waɗannan ba ruwansu da hijabi. Akwai masu gudu da iska, inda abin tsoro shi ne yadi ya tashi, a nan ɗaurewa ake buƙata. Sai masu gatari ko sarƙa a buɗe, inda ba a yarda da ko taƙi ɗaya na yadi a waje. Dokar ta faɗi hakan a bakin kowane lilo da hoto, a kuma buga ta a shafin sayar da tikiti kafin a karɓi kuɗi. Wanda ya sayar wa ƙungiya tikiti dubu uku ranar Sallah ya san irin suturar da za ta zo masa, tun ran gini tun ran zane.

Ga masu zuwa kuwa, ga yadda ake yi. A sa hular ciki mai kama kai, gashi a tufke ƙasa-ƙasa, don tulin gashi a ƙeya yana hana kai jingina da matashin kujera, wuya ya sha wahala a kwana. A ɗora ƙaramin hijabi na yadi mai talewa, irin wanda ake zurawa ba naɗawa ba, tsayinsa iya ƙirji. A cusa gefensa cikin wuyan riga gaba da baya, a ɗora riga mai zif a ja har sama. Allura da fil mai tsini a bar su a gida, saboda mariƙin kafaɗa a daidai wuya da haɓa yake bugu. Dogon hijabi har ƙasa da abaya mai buɗaɗɗen gaba a ajiye su a akwati na minti biyun da za a yi a sama, doguwar riga mai kauri da wando a ƙasa sun wadatar. Da irin wannan shiri mata na hawa manyan jirage a Orlando da Abu Dabi kullum, har Formula Rossa ta Ferrari World mai gudun kilomita 240 a awa, inda kowa sai ya sa tabarau na kariya saboda yashi da ƙwari.

Wajibi kuma a kan wurin ya ajiye ma'aikaciya mace a irin wannan lilo, da ɗan labule ko lungu inda za a gyara. Namiji ya kai hannu wuyan matar mutane yana cewa zai duba ɗauri, ai ko dokar ta yi daidai an ɓata ta.

Wuraren wasan ruwa nasu ya ɗan bambanta. Abin da suke hanawa yawanci auduga ce da ƙarfe. Auduga na shan ruwa ta yi nauyi, tana zubar da zare ya toshe matatar famfo, kuma tana riƙe mutum a kan zamiya har na baya ya cim masa. Zif da maɓallin ƙarfe na jeans suna karce jikin zamiyar, karcen ya yanki fatar mai zuwa. Wannan duk magana ce ta irin yadi, ba ta yawan jikin da aka rufe ba. Burkini, kayan ninkaya na mata mai rufe jiki da kai, da Aheda Zanetti ta fito da shi a Ostareliya a 2004 da yadin kayan ninkaya ake yin sa, kuma rigar na ɗaure da wandon don kada ta kumbura ta taso. Wurin da ya hana shi da sunan tsafta alhali ya bar rigar masu nutso mai rufe jiki duka, da walakin. Yas Waterworld a Abu Dabi ta bi wata hanyar: tana ware lokaci na mata zalla, ma'aikata duk mata, an hana ɗaukar hoto.

Baban Ilham:

Na gode Injiniya, na gode Hajiya, Allah ya ƙara sani. Na tsaron rai na gamsu. To sauran fa? Hana babba sa kayan kwaikwayo irin shigar taurarin fim da katun, hana rigar da aka ce ba ta dace ba, hana samari shiga sai da babba. Waɗannan ai ba gatarin da zai kama su.

Malam Tanimu:

Baban Ilham, taro shi ma inji ne, kuma ya fi ƙarfe saurin ɓaci.

Dokar kayan kwaikwayo ta Disney, wadda ta hana ɗan shekara 14 zuwa sama, ta ƙara tsauri ne a Disamba 2015, bayan harin Paris da na San Bernardino, lokaci guda da kafa na'urar gano ƙarfe a ƙofa da daina sayar da bindigar wasa. Dalilanta a fili suke. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya bambance ma'aikacin da aka tantance da baƙon da ya sayi irin kayansa a kasuwa, duk wanda ya gani a wannan shiga zai ruga ya rungume. Abin rufe fuska kuma yana makantar da kyamarar tsaro. Sauran ƙa'idojin ƙofa na cunkoso ne: daga 1 ga Mayu 2019 keken tura jariri kada ya wuce santimita 79 a faɗi da 132 a tsayi, an hana shan taba a ciki, an hana ƙanƙara a zube cikin kula saboda mai bincike ba zai iya ganin abin da ke ƙasa ba sai ya tsoma hannu, layi ya tsaya. Jaka kada ta wuce santimita 61 da 38 da 46.

Batun samari ya samo asali ne daga Knott's Berry Farm a Kalifoniya. Ranar 16 ga Yuli 2022 faɗa ya ɓarke tsakanin matasa a wurare da dama lokaci guda, mutane suka yi ta gudu ana zaton harbi ne, aka rufe wurin awa uku kafin lokaci. Cikin 'yan kwanaki suka fito da dokar rakiya. Zuwa 2023 wurare da dama na kamfanin da ya mallaki Knott's, har da Kings Island da Carowinds, sun zauna a kan tsari ɗaya: ɗan shekara 15 zuwa ƙasa ba ya shiga ko zama bayan ƙarfe huɗu na yamma sai da mai shekara 21 ko fi, mai katin shaida, kuma babba ɗaya ba ya rakiyar fiye da goma. A lura, ba naushin ne babban abin tsoro ba. Gudun da ke biyo baya ne, inda ake tattake yara da tsofaffi a ƙofar da faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba. Duk wanda ya ga ƙofar gidan zu ko filin lilo ranar yawon Sallah ya san yadda ihu ɗaya ke juya taro.

Tsallake layi shi ne uwar yawancin faɗan. Shi ya sa a Cedar Point da Six Flags laifin kora ne, kuma riƙe wa wani wuri ma a ciki yake. Mutum ɗaya ya tsaya, bayan minti arba'in mutum takwas su zo su ce "muna tare", na baya ya ga an ƙara masa jirgi guda na jira a rana tsaka.

Amma rubuta doka ba ya cin komai, zartarwa ce aikin. Yadda ake yi a wurin da ya san kansa: ƙaramin ma'aikaci ba ya jayayya, ya faɗi dokar sau ɗaya da murya ƙasa, ya nuna allon da aka rubuta ta. Idan aka ƙi, ya kira shugabansa ta rediyo, kada ya taɓa kowa. Shugaban ya zo da mutum na biyu, su janye baƙon gefe, don wanda aka tsawata wa a gaban matarsa da 'ya'yansa da wayoyi goma na ɗauka ba zai sauko ba ko ya san bai da gaskiya. A ba shi zaɓi: juya rigar ciki waje, ɗora wata, komawa mota a canza, ko a mayar da kuɗi idan a ƙofa ne. Yawancin magana a nan take mutuwa. Kora ta wanda ya kai hannu ce, ko ya haura shinge, ko ya buɗe mariƙi a sama, ko ya maimaita bayan gargaɗi. A Florida irin wannan ana ba shi takardar hana dawowa ta hannun 'yan sanda, idan ya dawo kamu ne. Kowane mataki a rubuta: lokaci, wuri, wace doka, wa ya gani.

Inda abin ke lalacewa uku ne a ganina. Na ɗaya, mai ƙofa ya bari, mai lilo ya hana. Idan riga za ta zama matsala, a ƙofa za a faɗa, ba bayan awa biyar ba. Na biyu, doka mai kalmar "wadda ba ta dace ba" ba tare da misali ba, sai kowane ma'aikaci ya auna da mudun gidansu, kuma a kan mata abin ke ƙarewa. Na uku, sassauci da ya zama ciniki. A 2021 bidiyo sun yaɗu a TikTok na 'yan mata da ke nuna cewa idan ka je Disney da rigar da ta saɓa ƙa'ida ana ba ka sabuwa kyauta, sai wasu suka mayar da abin dabara.

Barista Hauwa:

Malam Tanimu ya yi bayani mai kyau, amma ni ban yarda a ba su wuƙa da nama ba.

A shari'ar Amurka tikiti izini ne da mai wuri zai iya janyewa, ba haya ba ce, kuma wurin mallakar kamfani ne. Saboda haka tambayar ko suna da iko, amsarta e. Sai dai ikon na da iyaka, kuma ba da son ransu aka sa iyakar ba. Har farkon shekarun 1960 wuraren wasa da dama a can "ƙa'idarsu" ita ce baƙar fata ba ya shiga. Gwynn Oak ta Baltimore sai da aka yi ta zanga-zanga ana kama ɗaruruwa kafin ta buɗe wa kowa ranar 28 ga Agusta 1963. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta haramta wariya ta launi, addini ko asali a wuraren nishaɗi, ta 1990 kuma ta ƙara masu buƙata ta musamman. Disneyland ma a shekarun 1960 tana mayar da samari masu dogon gashi daga ƙofa, ba don wani inji ba, don dai ba su yi kama da baƙin da take so ba. Duk lokacin da na ji "don jin daɗin iyalai", sai in tambaya iyalan wa.

Dokar rakiya da ake yabo, a duba wa take cirewa. Yaron da iyayensa ke aikin yamma, wanda ya tara kuɗi ya sayi tikitin shekara, shi ke zama a gida saboda laifin wasu. Kuma duba katin shaida idan ba kowa ake yi wa ba, sai wanda mai gadi ya ga dama, kun san fuskar da za a fi tsayarwa. Idan za a yi, a yi wa duk wanda bai yi kama da ɗan shekara 30 ba, ba zaɓe.

Sai dokokin da kuɗi ne kawai a bayansu. Shanghai Disneyland ta hana shiga da abinci daga waje, har ana zazzage jakunkuna. A 2019 wata ɗalibar koyon lauya ta kai su kotu a kan 'yan kayan ƙwalama da aka hana ta shiga da su, magana ta cika ƙasar Sin, a watan Satumba suka sauya dokar. Rassan Amurka da na Paris daman ba su hana ba, to wane haɗari ne biskit ke da shi a Shanghai da ba shi da shi a Florida? Giya kuma ta nuna ɗaya fuskar: Magic Kingdom, wurin Disney da ke Florida, ba ta sayar da ita ba sai 2012, Disneyland ga jama'a sai 2019. Wurin da ke kukan rashin ɗa'a da hannun dama yana zuba abin da ke kawo ta da na hagu.

Awon da nake ba ka, Baban Ilham, tambaya huɗu ce ga kowace doka. Wane takamaiman abu take hanawa ya faru? An faɗa kafin a karɓi kuɗi? A kan kowa take hawa, har da mai tikitin alfarma? Akwai hanya mafi sauƙi da za ta kai ga wannan manufa? Hana sandar hoto ta ci huɗun. Hana abin kai na Playland ta faɗi a ta biyu da ta huɗu. Hana abinci ta faɗi tun a ta farko.

Injiniya Sagir:

Barista, ki ƙara ta biyar: shin mai wurin yana bin tasa? Dokar nauyi da tsayi kamfanin da ya ƙera lilon ne ke rubuta ta a littafin aiki, kuma ma'aikaci take ɗaurewa kafin baƙo. Ranar 24 ga Maris 2022 a ICON Park ta Orlando wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga hasumiyar nan mai sako mutane daga sama, tsayinta mita 131. Littafin ya ce iyaka kilo 130, yaron ya haura da sama da kilo 40. Bincike ya gano an kwance na'urar da ke tabbatar da kullewar mariƙi a kujerarsa an matsar da ita da hannu, don manyan mutane su samu shiga. Ratar da ya kamata ta tsaya wajen santimita 8 ta kai kusan ninki biyu, fitila kuma ta nuna kore. Kujerun ba su da bel na biyu tsakanin ƙafafu. Babu dokar baƙi ko ɗaya da yaron ya karya, ya zauna inda aka ce ya zauna. An rushe hasumiyar a 2023.

Don haka Baban Ilham, idan ka isa bakin lilo, kafin ka ji haushin mai cewa ka cire hula, duba ko akwai kujerar gwaji a waje, ko allon ya faɗi tsayi da nauyi da lamba, ko ma'aikaci na bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jan kowane mariƙi da hannu. Idan ka ga yana duba waya yana ɗaga babban yatsa daga nesa, riƙe hannun Ilham ku wuce na gaba.